Mai Fassarar Ƙararrawar Lahira

Ku yi haƙuri da rubutun, ban iya tsara magana ba, kuma a tsaye nake yi.

Da ɗumi Mouna ta tarar da wayar. Da safe ta cusa ta ƙarƙashin katifa kamar kullum, don makarantarsu ba a shiga da waya. Yanzu ta dawo, ko hijabi ba ta cire ba, ga waya kamar yanzu aka zaro ta daga aljihun mutum. Caji ya yi ƙasa. Fim ɗin kuma ya wuce inda ta tsaya jiya.

Kawunta ne ya ba ta wayar saboda karatun jarrabawa. Inna, mahaifiyarta, ta yarda da sharaɗi ɗaya: ranar da ta ga fim a ciki, ranar waya za ta koma hannun mai ita. Shi ya sa Mouna ba ta da wanda za ta gaya wa.

Abin haushin, fim ɗin bai ma kai a sha wahala a kansa ba. Katun ne na Japan, irin wanda ake cewa anime, Shitu mai tura fim a bakin layin dogo na Agege ya saka mata. Sunansa Ƙararrawar Lahira. Wani yaro ne mai shuɗin gashi yake yawo da ƙararrawa yana dukan aljanu. Iyakar labarin ke nan. Kowane kashi aljani zai fito, yaro ya tsaya ya yi ta surutu a kan zuciyarsa, aljanin kuma ya harɗe hannu kamar mai jiran motar haya ta danfo. Hoton gudu ɗaya suke ta maimaitawa. 'Yan matan ciki ba su da aiki sai ihu. Malamin yaron da aka binne, har da kuka da ruwan sama, can gaba sai ga shi yana shan shayi, ba wanda ya ce masa daga ina.

Fassarar Hausar ta fi komai. Mutum ɗaya ne yake yin kowa, maza da mata da aljanu. Bakin na cikin fim ya rufe, shi yana nan yana magana. Kafin ya yi muryar aljani sai ya yi gyaran murya, ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Hausar tasa irin ta su Inna ce, ta wajen Maraɗi. Mouna tana kallo tana tsaki, amma tunda ta fara, sai ta ga ƙarshen shirmen.

Sau ɗaya kawai ta taɓa kunnawa ba iyafis a kunne, ranar wata Lahadi. Tana ɗaga kai ta ga Inna tsaye a bakin labule da ludayi a hannu. Mouna ta yi maza ta kife wayar. Inna ta juya ta koma wajen tukunya. Mouna ta gode wa Allah.

Bayan ranar ne abin ya fara.

Su biyu ne a ɗakin, ita da Inna. Tun Mouna tana goye, tankar man da babanta Idrissa yake bi ta kama da wuta a layin Apapa, aka kawo abin da aka kawo a naɗe, aka hana kowa buɗewa. Inna kuwa wayarta mai maɓalli ce, fim kuma ko na gidan maƙota ba ta leƙawa. Da ta gani ma, ai da tuni waya ta tafi. To wa ya rage?

Matan gidan suna yawan cewa finafinan aljanu suna jawo su. Mouna ta fara tofa Ayatul Kursiyyu a wayar kafin ta fita. Ta sauya mata wuri, ta sa a cikin kwallar tufafi. Ta dawo ta same ta a wurin, da ɗuminta. Gidan ma ya sauya. Inna ta daina kunna rediyo. Wainar da take sayarwa da safe ta fara ƙonewa, har masu saye suna magana. Wani lokaci sai a kira ta sau da yawa kafin ta waigo. Mouna ta fara tunanin ko abin da ta jawo ya taɓa Inna.

Ta je wajen Shitu, murya ƙasa-ƙasa, ta tambaye shi ko waya tana iya kunna fim da kanta. Ya yi dariya har ya riƙe tebur, ya ce aljanin Japan bai san hanyar Agege ba, ko ya zo a cunkoson go-sulo zai maƙale. Ya ce mai fassarar ma ba wanda ya san fuskarsa, duk Juma'a dai yake turo sabon kashi. Kafin ta hana, ya tura mata na wannan satin.

Washegari malamai suka shiga taro, aka tashi ɗalibai da hantsi. Gidan shiru, kowa ya fita nema. Tana isa ƙofar ɗakinsu ta ji gyaran murya. Sai 'yar dariyar nan ta hanci.

Mouna ta ja ta tsaya. Ta karanta abin da ya zo bakinta, ta ɗaga labule a hankali.

Inna ce zaune a kan tabarma. Ba kallo take ba. Ta kife fuskar wayar a cinyarta, ta sunkuyar da kunne, idonta a rufe.

Mouna ta tsaya tana jiran faɗa. Inna ta buɗe ido, ba ta ɓoye wayar ba.

"Wannan da nake ji, yaushe aka yi shi?"

"Sabo ne, Inna. Juma'ar nan ya fito."

Inna ta daɗe tana gyaɗa kai.

"Muryar babanki ce, Mouna. To wa muka binne?"