Tsanin Gidan Don Fulgencio

Ranar Asabar ta farko a Disamba, wajen ƙarfe goma na safe, aka kira Yuderka daga garinsu Salcedo cewa mahaifinta yana asibiti. Ba ta tambayi dalili ba. Disamba ce, watan da kowane gida ke shan sabon fenti kafin Kirsimeti, kowane tsoho kuma yake tuna cewa shi yaro ne.

Tun bara, da ta ga saman gidan ya sha fenti, ta gindaya sharaɗi: duk ranar da mahaifin nata, Don Fulgencio, ya sake taka tsani, ranar zai tattara ya koma wajenta a babban birni. Ya ce da ya bar gidan da aka haife shi, gara a cire masa ƙafa. Ga alama ya kama hanya.

Ta same shi kwance, ƙafa a ɗaure, kafaɗa a karye, abokan wasan dominonsa sun kewaye gadon.

"Jarumi," in ji Chepe mai shago, "shekara saba'in da ɗoriya kana can ƙololuwa kamar kyanwa. Mu kujera ma sai da dabara muke hawa."

Don Fulgencio ya gyara gashin baki. Rabon da a yabe shi haka tun yana saurayi.

Likita ya ja Yuderka gefe. "Babanki ya iya faɗuwa. Masu tsani yawanci kai ko dunduniya suke kawo mana. Shi kamar buhun shinkafa aka jefa masa."

Mahaifiyarta, Doña Nereida, tana zaune a lungu tana ɓare lemo, shuɗin fenti a gashinta har bayan kunne.

"Mama, ke kina ina lokacin?"

"Ina kusa, 'yata. Kusa sosai."

Da ta tashi sai da ta dafa bango. Ta ce sanyin ƙashi ne.

Yuderka ba ta yanke hukunci sai ta gani da idonta. Ta je gidan, ta zaga baya. Bango rabi shuɗi, rabi yadda yake. Tsanin bai kai tsawo ba, sai aka yi masa ƙari da bulo, a kan gangare, don kada hatsari ya sha wahalar nemansu. A gindinsa ga fasasshen kofin gahawa. Wato da kofi a hannu ya hau. Farar rigar da aka cire masa kuwa ko ɗigon fenti babu. Mutum har faɗuwa sai ya yi ta cikin gayu.

Ta koma asibiti, ta tsaya a kansa.

"Baba, tambaya ɗaya. Kai ka hau tsanin nan? In ka ce a'a, za ka zauna a gidanka."

Ya dubi matarsa. Ya dubi Chepe da sauran, duk sun kasa kunne.

"In ban hau ba, wa zai hau?"

Da aka sallame shi Yuderka ta ɗauke shi a mota. Doña Nereida ta ce ita za ta zauna, kaji ba sa ciyar da kansu. Yuderka ta so ta bayar da tsanin, uwar ta ce a bar mata, tana shanya a kai.

A birni, gidan Yuderka yana hawa na shida. Don Fulgencio bai taɓa matsawa kusa da taga ba, in ma an buɗe labule sai ya kau da kai. Yuderka ta ce wa mijinta tsohon ya ɗauki darasi.

Asabar ta gaba Doña Nereida ta ƙarasa bangon daga inda ta tsaya, kamar yadda take fentin saman gidan tun shekarar aurensu. Maƙwabciya ce ta riƙe mata tsanin da hannu biyu, a daidai wurin da Don Fulgencio yake tsaye ranar da ta faɗo a kansa.