Takwas Cikin Ɗari

Likita ya juyo mata da fuskar kwamfuta. Ya shigar da shekarun Baba, da girman ƙarin da aka yanke masa a tsokar nan ta bayan tumbi, da yawan kaluluwar da ciwon dajin ya riga ya kama. Na'urar ta yi lissafinta, ya buga a takarda. Cikin mutum ɗari irin Baba, takwas ne ke kai shekara biyar bayan tiyata.

Ita ce 'yar fari, ita za ta faɗa masa. Ta san halin tsohon telan. Ran da ya karaya, ya gama.

A benci ta same shi, wando na zame masa daga ƙugu. Ya karɓi takardar, ya duba, ya juya bayanta.

"Uwata, kin san ni da boko. Me suka ce?"

"Tamanin cikin ɗari suna warkewa, Baba."

"Tamanin? To, madalla. Bar mini takardar, na naɗe allura."

Suna isa gida ya sa aka zuba wa keken ɗinki mai. Ya aika a sayo yadi. Masu kawo ɗinki kuwa duk ya sallame su. Jikarsa kaɗai yake aunawa, 'yar shekara huɗu.

"Tsaya cak, amarya, ko in sake ki yau!"

Rigar farko ta fito har tana jan ƙasa.

"Baba, ido ya fara gudu ne?" in ji 'yar tasa.

"Ta same ta a gaba," in ji shi.

In dai keke na ƙara, ƙaryarta na aiki. Abinci ya daina zama a cikinsa, ƙafa ta kasa taka keken, ya koma juya shi da hannu.

Wata bakwai ya yi. Da aka kai shi makwancinsa, abu ɗaya ya rage mata na sanyin zuciya: ya tafi bai sani ba.

Ran da za a fitar da keken ta buɗe akwatin da ke ƙarƙashinsa. Riguna goma sha biyu a ninke, kowacce ta fi ta samanta girma, ta ƙarshe ta budurwa ce. A ƙasansu ga takardar likita.

Baba bai san harafi ba, amma shekara arba'in ya yi yana karanta lamba a jikin tef, ga takwas ɗin nan ya kewaye ta da allin ɗinki.