Zanen Gawayi a Jikin Azara

Tukur, ajiye makullin babur ɗin nan ka zauna. Na ji ka sarai: 'yarka Suwaiba tana aji huɗu har yanzu karatu bai zauna mata ba, malamai ba sa aikinsu, don haka za ka cire ta ka kai ta wata makarantar, ta uku ke nan. Ni gwaggonka na sha ƙurar alli har na yi ritaya, ba kuma zan ce maka kowane malami na kirki ne ba. Amma kafin ka sake ɗinka mata sababbin kayan makaranta, bari in ba ka wani misali.

An yi wani manomi mai rufin asiri da ya sa aka gina masa soro a bayan gida, inda yake ajiye wake da gero da irin shukar baɗi. Ana shiga marka soron ya fara yoyo. Shi dai bai ga ɗigar ruwan ba, don da hadari ya taso ɗakinsa yake shigewa ya ja ƙofa. Warin danshi kawai ya ji ran da ya buɗe soron. Da rani ya yi sai ya kira magini. Magini ya ce, "Ta ina yake zuba?" Manomi ya ce, "In na sani me zai sa in kira ka?" Magini ya kafa tsani ya hau, ya tarar da rufi a bushe ƙamas, ko'ina kamar ko'ina. To, shi ba boka ba ne. Ya kwaɓa ƙasa da makuba, ya yaɓe saman gaba ɗaya, ya sauko. Damina ta dawo, yoyo ya dawo. Manomi ya ce ai wannan magini bai iya aiki ba, ya aika ƙauyen gaba aka zo da wani. Shi ma tambayar nan ya yi, amsar nan ya samu, shi ma ya ɗora yaɓe a kan yaɓe. Haka na uku. Kowace shekara rufi yana ƙara kauri da nauyi, ruwa kuwa yana bin wata 'yar tsaga a gindin indararo, yana sauka kan azara guda yana cin ta a hankali. Kada ka ɗauka mutumin marowaci ne, Tukur. Ƙasa mai kyau yake sa a kawo, magina su ci su ƙoshi su tafi suna sa masa albarka. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba, shi ne ya tsaya a cikin soron ana ruwa.

Katanga ɗaya ta raba shi da wata tsohuwa, ita ma ɗakinta ya fara yoyo a shekarar da nasa yoyon ya dawo. Ba ta san komai a kan gini ba. Amma da ruwa ya sauko sai ta ɗaure gawayi a bakin sanda, ta tsaya tsakar ɗaki ta ɗaga kai, ruwa na ɗiga mata a ɗankwali, tana kallo har ta ga inda ɗigon farko yake taruwa. Nan ta ja zane baƙi a jikin azara. Da aka kwana biyu ba ruwa ta kira magini, kuma wanda ta kira shi ne na farkon nan da manomi ya kora. Ya dubi zanen, ya hau sama ya bi saitinsa, ya sami tsagar. Ƙasa cikin ƙwarya ta ishe shi. Kafin kunun da ta dama masa ya huce ya gama.

Shi kuwa manomi, wata rana da hantsi ana tsakar marka, azarar da ruwa ya cinye ta kasa ɗaukar yaɓen magina uku. Ta karye, rufi ya rufta kan buhuna. Da aka tono, wake ya tsiro a cikin buhu, gero ya ruɓe, irin baɗi ya zama taɓo. Yana tsaye yana zagin magina, aka zaro masa azarar daga cikin ƙasa. Wurin da ya ruɓe bai fi tafin hannu ba.

Malami magini ne, ɗana. Yana ganin yarinyarka da rana, a tsakiyar yara cike da aji, ko'ina kamar ko'ina. Kai ne kake tare da ita lokacin da ake ruwa. Shekaranjiya da Suwaiba ta kawo mini fura, na miƙa mata kwalin maganina ta karanta mini, sai da ta kai shi dab da hancinta, ta ƙanƙance ido. Na tambaye ta inda take zama a aji, ta ce can baya, don ita doguwa ce. Abin ya taɓa mini zuciya, wallahi. Makaranta biyu yarinyar nan ta yi tana kallon allon da ba ta gani, kuma kullum a gidanka take kwana.

Don haka kada ka je neman magini na uku. Ka zaunar da ita yau bayan la'asar ta yi maka karatu, ka dube ta da idonka, gobe ka kai ta a duba nata idon, sannan ka taka da ƙafarka ka nuna wa malaminta zanen gawayin. Ba a banza Hausawa suka ce ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.