An Dawo da Ƙyale-su

Da aka kafa dokar hana tsofaffi zaman kaɗaici, Baba Tunau ya ɗauko wani gurgun karen farauta da aka yasar, ya mai da shi abokin zamansa, ya raɗa masa Ƙyale-su. Ran da karen ya mutu, ya binne abinsa bayan rumbu, bai gaya wa kowa ba.

Kafin la'asar sai ga ma'aikaciyar hukuma da igiya a hannu, tana janye da wani kare sak Ƙyale-su, har da ɗingishinsa.

"Baba, ga karenka."

"Nawa yana ƙasa, yarinya. Fice min da wannan abin."

"In ka ƙi, sai mu tone wancan mu tafi da shi."

Tunau ya fizge igiyar. Karen ko kallonsa bai yi ba, ya nufi bayan rumbu, ya fara tono.