Yarinyar da Malam Dogo Ba Ya Kira

Madam Badi'a ta share bencin baya da gefen gyalenta kafin ta zauna. Aikinta duba malamai ne, kuma tun daga Birnin Konni babur ya jijjigo ta zuwa wannan lakwal, wato makaranta, ta ƙasar Alela. A ganinta malaman ƙauye duk ɗaya suke: alli a hannu, barci a ido. Layi biyu daga alƙalaminta sun isa a ɗauke mutum daga ajinsa a jefa shi inda mota ba ta zuwa, kuma Malam Dogo ya san da haka. Rigarsa ta sha guga har tana sheƙi.

Darasin ranar shi ne yadda ake rubuta hira a cikin labari. Dogo ya zana alamar buɗe magana a allo, ya ce ƙofa ce, wanda ya buɗe ta sai ya rufe. Kowa ya karɓi magana a ba shi sabon layi, tambaya kuma ta tafi da alamarta. Badi'a ta taɓe baki. Ƙofa! Saura ya kawo kwaɗo da mabuɗi. Amma yaran sun gane, wannan kuwa ya ƙara mata haushi.

Sai ya fara tambaya. Ya kira Umaru, ya kira Fadila, ya kira wani Shafi'u mai hamma har ya yi masa tsiya aji ya yi dariya. A bencin gaba akwai wata doguwar yarinya da hannunta bai sauka ba tun farkon darasi. Idon Dogo ya bi ta kanta ya wuce kamar ba kowa a wurin. Da kowa ya kasa gane inda waƙafi zai zauna, sai ya juya ya fuskanci allo, ya ce, "To, wani ya hwaɗi." Yarinyar ta faɗa daidai. Bai ce madalla ba, ya dai rubuta amsar ya ci gaba.

Badi'a ta gyara zama. Ta san irinsu sarai, mazan da ƙoƙarin ƴa mace ke tsaya musu a wuya. Ita ma wani ya yi mata haka tana ƙarama, kuma har yau ba ta yafe ba.

Aikin gida da ya ba su tun jiya shi ne kowa ya rubuto hirarsa da mahaifinsa. Ya bi benci-benci yana karantawa da ƙarfi, ya tsallake na yarinyar. Badi'a ta miƙe ta ɗauki littafin da kanta. Saude, in ji bangon. Rubutu tsaf, kowace ƙofa a rufe. Sai dai a layukan uban, Saude ta buɗe magana ta rufe, babu komai a tsakani. Marainiya ce ke nan, Badi'a ta yanke a ranta, tausayi ya kama ta. Ta lura kuma jan biro ya bi shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, har wuraren da ba aikin aji ba ne. Wato neman laifi yake yi mata da gangan.

"Malam, yarinyar nan ba ta da suna ne?" ta tambaya a gaban kowa. "Kira ta, ina ji."

Wasu yara suka tuntsire da dariya suna rufe baki. Saude ta kifa kai a benci. Dogo, da duk tsawonsa, ya tsaya yana murza alli har ya zama gari a yatsunsa, bai kira ta ba. Taurin kai a gaban babba, Badi'a ta rubuta.

A buro, ofishin shugaban makarantar, Direkta Yari ya fara cewa, "Madam, ai akwai abin da ya kamata ki sani game da…" Ta ɗaga masa hannu. Ba ta yi tafiyar nan don ta saurari maza suna rufa wa juna asiri ba.

Kafin wata ya mutu an ɗauke Malam Dogo, an kai shi wani ƙauye can bayan Illela. Badi'a ta ba da labarin a wurin aiki fiye da sau ɗaya, kowane karo tana ƙara masa gishiri.

Bayan girbin gero ta koma lakwal ɗin, har da kyautar biro a jaka. Sabon malami yana kiran sunan kowa, Saude ma har ya gaji da kira. Amma yarinyar ta koma bencin baya, ta rame, hannunta bai tashi ko sau ɗaya ba. Da aka fita shan iska Badi'a ta ja ta gindin itacen bedi, tana murmushi irin na mai jiran godiya.

"Kin huta yanzu. Ni na raba ki da mutumin nan."

Saude ba ta karɓi biron ba. "Bana kaka ta bari na dawo daga wurinta," ta ce a hankali. "Cikin aji kaɗai nike jin muryatai kusa."

"Muryar wanda ko sunanki ba ya iya kira?"

Yarinyar ta ɗago ta dube ta, idanunta cike da hawaye da mamakin yadda babbar mace kamar wannan za ta yi irin tambayar.

"Ina za shi kira sunana, Madam? Ni ce ɗiyatai ta hwari."