Tattabarar Ɗan Fari

Farar tattabarar ta dira a kan katanga tun hutu bai yi nisa ba.

Uwar ta saki muciya. "Malam, ga ta ta dawo. Yaron nan yana kiranka."

Shi ya ƙulla wasan da kansa. Ranar da aka saka ɗansu mai shekara shida a motar Basirka zai yi hutu wurin kakarsa, ya zaɓo ɗaya cikin tattabarun da yake kiwo ya sa masa a kwando. "In ka gaji da ƙauye ka sake ta. Tana isowa Birnin Kudu zan zo in ɗauke ka."

Har ya jawo babur, sai yayansa da ke zaure ya tuntsire da dariya. "Ɗan fari ne fa! Gidan surukai za ka faɗa kana haki saboda tsuntsuwa? Ina kunyarka?"

Ya mayar da babur ya jingine. "Shagwaɓa ce," ya ce wa matar, bai kalle ta ba. "Sai Juma'a."

Ranar Juma'a ya isa Basirka da alewa a aljihu, ya tarar da maza a tabarmi suna karɓar gaisuwa. Da safen nan aka kai yaron makwancinsa.

Kakar ce ta iya buɗe baki. "Zazzaɓi ne. Na ce a aika maka, ya ce shi ya riga ya aika. Kullum sai ya sa an fitar da shi bakin hanya."