Mai Wankin Hula da Soron Haya

Ajiye takardar hayar nan tukuna, kada ka sa mata hannu sai ka ji wannan labarin. Har yau in na tuna shi raina ɓaci yake yi.

An yi wani mai wankin hula a cikin birni, yana haya a wani tsohon gidan ƙasa, shi da matarsa. Ɗaki ɗaya ne na soro, sai ɗan tsakar gida inda yake kifa huluna a kan tukwane su bushe. Shekararsa goma sha ɗaya a wurin, kuma hayarsa kullum gab da damina take cika. A shekara ta shida matar ta fara ganin wani gari ja-ja yana zubowa daga sama, yana faɗa mata cikin tuwo. Da aka kira magini, ya soka wuƙa a jikin azara, ta shige kamar an soka a kabewa. Ya ce gara ta gama da itacen, sai an kwashe ƙasar rufin an sake azara. Mai wankin hula ya kai maganar wurin mai gidan, wani Alhaji. Alhaji ya ce, "Haba malam, ai gidanka ne. Sabunta hayar kawai, bayan Sallah zan turo masu aiki." Ya sabunta. Sallah ta wuce, ba a ga kowa ba. Da hadari ya fara haɗuwa sai ya kwaɓa ƙasa da kansa, ya hau soro ya yi yaɓe, don dai kada ɗaki ya yi yoyo. Haka aka yi ta yi har shekara biyar. Kowace shekara sai alkawari, sai sa hannu, sai sabon yaɓe a kan na bara. Rufin yana ta ƙara kauri da nauyi, itacen da ke ɗauke da shi yana ta zama gari. Azarar tsakiya ta yi ciki, har sai da matar ta tokare ta da gwafa.

A shekarar ƙarshe yayan matar ya samo musu ɗaki a bayan ganuwa, mai rufin kwano, da rijiya a tsakar gida. Mutumin ya je ya gani, ya dawo yana yamutsa fuska. Wai bai san limamin unguwar ba. Wai a nan ya san inda rana take faɗowa da hantsi, a can kuwa sai ya yi ta yawo da tukwane yana neman wurin shanya. Wai mai shayin bakin layi ya san yadda yake son shayinsa ba sai ya faɗa ba. Matar ta miƙe tsaye, muciya a hannu, ta nuna masa sama. "Baban Hansatu, dubi abin da nake kwana a ƙarƙashinsa! Mai shayi ne zai tono ni in ya rufto? Shekara biyar Alhaji yana shafa maka mai a baki, kai kuma kana hawa sama kana ƙara mana ƙasar kabari!" Ya ce ta rage murya, maƙwabta na ji. Washegari ya saka babbar riga, ya je ya sake sa hannu na wata shekara. Da ya dawo ya kwaɓa ƙasa, ya hau soro.

Da marka ta kama, aka kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ran na huɗu da azahar yana masallaci, matar ta ji gwafar nan tana ƙara. Ta riga ta fito waje, sai ta tuna hulunan mutane guda arba'in suna jibge a ciki, ta koma ta kwaso masa. Tana kai ƙofa rufin ya sauko. Azara ta danne mata ƙafa, ƙasar yaɓen shekara biyar ta biyo baya, jiƙaƙƙiya, mai nauyin dutse. Da fartanya aka tono ta. Mai ɗori ya ce ƙashin ya karye wuri biyu, ko ta warke da sanda za ta yi tafiya.

Da la'asar Alhaji ya iso riƙe da lema. Bai tambayi mai jiki ba. Ya tsaya a kan tulin ƙasar, ya tona da ƙafa, ya ce, "Wa ya ba ka izinin loda mini wannan uban kaya a kan gida? Kai ka rusa shi. Ku kwashe komatsanku, ginin bulo zan yi." Mutanen unguwa kowa ya zuba ido ya ga yau mai wankin hula zai buɗe baki ya amayar da abin da ya haɗiya tun shekara biyar. Sai ya durƙusa a cikin taɓo, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. In an gama ginin, don Allah kada a ba wani ɗakin nan. Na saba da wurin."

Matar tana kwance a zauren maƙwabta, ƙafa a ɗaure da karare, ta ji shi da kunnenta. Ta kawar da fuska, ta ce wa yayanta, "Yaya, nemo mota ka kai ni gida."

To, ga takardarka nan, ga alƙalami. Kafin ka sa hannu ka ɗaga kai ka dubi rufin da kake zaune a ƙarƙashinsa, ka kuma tambayi kanka me ya ɗaure ka a wurin. Domin Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, sabo turken wawa.